Yadda Za Ka Karanta Tsofaffin Waƙoƙin Ibada na Ingila Har Ka Ji Zaƙinsu

Shekarun da hukumar WAEC ta sa waƙar The Pulley ta George Herbert cikin manhajar adabin Turanci, wato jarrabawar 2016 zuwa 2020, na daɗe ina koyar da ita kamar mai raba ƙwayar magani. In miƙe gaban allo in rubuta: ga jigo, ga salo, ga adon harshe guda biyar, kowa ya haddace. Yara su kwafe, su juye a takardar jarrabawa, su manta. Ni kaina ban taɓa jin waƙar ta motsa mini komai ba. Wata rana wata yarinya da ke zama can layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi wannan mutumin wa ya rubuta wa waƙar? Ai dai ba mu ba." Aji ya kwashe da dariya. Na ce mata ta zauna za mu dawo kan maganar, irin amsar da malami ke bayarwa in an ƙure shi.

Tambayar ta tsaya mini a rai, kuma neman amsarta ne ya koya mini karatun waɗannan waƙoƙi. Abin da zan zayyana maka a nan hanyar da na bi ce, wadda nake bi da ɗalibaina yanzu. Zan tsaya kan Herbert saboda shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga, amma dabarar ɗaya ce ko wane ka ɗauka cikin 'yan zamaninsa.

Kafin ka buɗe waƙa ko ɗaya, ka san hannun da ta fara faɗawa. An haifi Herbert a 1593 a garin Montgomery na yankin Wales, cikin gidan masu faɗa a ji. Ya yi karatu a Kambirij, har ya zama mai magana da yawun jami'ar a 1620, muƙamin da ake hawa daga shi zuwa fadar sarki. Ya ɗan zauna a majalisa a 1624. Sai ga shi a 1630 ya ƙare a matsayin limamin coci a wani ɗan ƙauye da ake kira Bemerton, kusa da birnin Salisbury. Shekara uku kacal ya yi a can, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a watan Maris na 1633 bai cika arba'in ba. Waƙoƙin nan nasa na Turanci bai buga su yana raye ba. Izaak Walton, wanda ya rubuta tarihinsa a 1670, ya ce da Herbert ya ga alamar tafiya sai ya aika wa abokinsa Nicholas Ferrar da rubutun, da saƙon cewa in ya ga zai amfani wani bawan Allah mai karyayyar zuciya to ya buga, in kuwa ba haka ba ya ƙona. Ferrar bai ƙona ba. A cikin shekarar aka buga littafin a Kambirij da sunan The Temple, wato Haikali, ɗan ƙarami wanda zai shiga aljihu. Walton ya ce zuwa lokacinsa an sayar da fiye da kwafi 20,000. Ka riƙe maganar Walton da hannu biyu amma kar ka rufe ido, don mutum ne mai son ƙawata labari, kuma shi da bakinsa ya ce ganin Herbert kawai ya taɓa yi, ba su yi zaman abota ba.

To su wa suka saye shi? Nan ne abin ya ba ni mamaki. A 1642 Ingila ta faɗa yaƙin basasa, kuma addini na cikin manyan abubuwan da suka raba kan mutane: wasu na bayan sarki da bishop-bishop da tsarin cocin gwamnati, wasu, waɗanda ake ce wa 'yan Furitan, na ganin duk wannan bidi'a ce da ya kamata a share. Sarki Charles na Ɗaya yana tsare a gidan sarauta na Carisbrooke kafin a sare masa kai a 1649, waƙoƙin Herbert na cikin abin da yake karantawa. A ɗaya ɓangaren kuma ga Richard Baxter, babban mai wa'azin Furitan wanda ya taɓa yi wa sojojin majalisa limanci, yana rubutawa a 1681 cewa Herbert na magana da Ubangiji kamar wanda da gaske ya yarda akwai Shi. Mutanen da ba sa ga maciji da juna, kowa da ɗan littafin nan a aljihu. Henry Vaughan, likita kuma mawaƙi, ya ce shi yana cikin waɗanda Herbert ya shiryar. A 1697 waɗanda suka ɓalle daga cocin gwamnati suka sake tsara wasu daga cikin waƙoƙin don su reru a taro, John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, shi ma daga baya ya yi wa sama da arba'in irin wannan kwaskwarima, duk da a ganina ya daddatse musu fukafukai.

Abin da duk waɗannan masu karatu suka haɗu a kai shi ne yadda suke karatun. Ba kowa ya iya karatu ba a wancan zamani. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1640 kusan kashi 30 cikin ɗari na maza ne ke iya rubuta sunansu, mata kuwa wajen kashi 10. Saboda haka littafi guda kan ciyar da gida guda: maigida ko uwargida su karanta da ƙarfi bayan an ci abincin dare, 'ya'ya da barori na saurare. Wanda ya iya alƙalami ya kwafe baitin da ya burge shi cikin ɗan kundinsa. Ba mai zama ya cinye waƙa talatin a dare ɗaya. Ɗaya ake ɗauka, a juya ta, a kwana da ita. Kuma kunnuwansu cike suke da nassi, don dokar 1559 ta wajabta zuwa coci ranar Lahadi, wanda ya ƙi zuwa ba uzuri a ci shi tarar kwabo 12, sule guda ke nan. A tsarin littafin addu'arsu ana sauke Zabura 150 duk wata, safe da yamma. Mutumin da ya tashi a haka, ana taɓa rabin aya ya san sauran.

Duk abin da ya rage na shawarata, ƙoƙari ne na mayar da kai kusa da wannan mutumin.

Sami littafin tukuna. Haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, yana nan kyauta a intanet. Ka nemi bugun da aka daidaita rubutunsa da na zamani, mai ɗan bayani a ƙasan shafi, don a tsohon bugu harafin s dogo ne mai kama da f, kuma u da v suna musayar wuri, sai ka ɓata ƙarfinka kan abin da ba shi ne waƙar ba. Littafin kashi uku ne, an tsara shi kamar mai shiga gini. Na farko shi ne shirayin coci, baiti 77 na nasiha zalla: kar ka sha kofi na uku, kar ka yi rantsuwa, ka kiyayi caca, ka iya bakinka. Kunnen da ya saba da waƙoƙinmu na wa'azi zai ji shi kamar a gida, amma ba nan zumar take ba, ka tsallake shi ka dawo daga baya. Kashi na uku ma, mai ba da tarihin yaɗuwar addinin, ba gaggawa. Tsakiyar ce ka zo nema, gajerun waƙoƙi sama da 160.

Ka ɗauki guda ɗaya, ka rufe ƙofa, ka karanta ta da murya. Sau uku aƙalla, kuma kar ka duba bayani ko ƙamus a karo na farko. Herbert makaɗi ne, yana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin garaya, Walton ya ce sau biyu a mako yakan taka zuwa babban cocin Salisbury don ya ji ana rera waƙa. Da kunne ya yi rubutu. Sai dai akwai tarko ga mai kunnen Hausa. Rubutacciyar waƙarmu nauyin gaɓa take aunawa, doguwa da gajera, kamar yadda muka gada daga arulin Larabci. Ta Turanci kuwa bugu take ƙirgawa: gaɓa ɗaya a taɓa ta sama-sama, mai bi mata a danna. Ɗangon farko na waƙar da na fara ambata, When God at first made man, gaɓa shida ne, ta-DAM ta-DAM ta-DAM. Ka riƙa buga gwiwarka da yatsa a kan kowace dannawa. In ka ga an rubuta heav'n an cire harafi, ana gaya maka ne ka haɗiye ta a gaɓa ɗaya. In kuma ka ga amsa-amon bai zauna ba, kamar inda ya haɗa creature da nature, kar ka ce mawaƙin ya kasa. Lafazi ne ya gusa cikin shekara 400. Amfanin bugun gwiwar shi ne ka ji inda karin ya karye, don Herbert ba ya karya shi a banza.

Sai kalmomin da suka tsufa. Yawancinsu ba wuya: hath da doth da saith su ne has da does da says. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu kama da na yau alhali ma'anarsu ta sauya. Still a bakinsu sau da yawa "kullum" take nufi, meat kuma kowane irin abinci ne, ba nama kaɗai ba. Amma wadda nake so ka tsaya a kanta ita ce thou da 'yan'uwanta thee da thy. Ɗalibai kan ɗauka kalmar girmamawa ce saboda sun ji ta a addu'a. Akasin haka ne. You ce ta girmamawa, wadda ake yi wa babba da baƙo. Thou ta kusanci ce, ta ɗa da mata da aboki, ko ta raini in an yi wa wanda ya girme ka. 'Yan ɗariƙar Kwaka, wata ƙungiyar Kiristoci ta wancan ƙarni, sun sha duka da ɗauri, ɗaya daga cikin laifuffukansu kuwa shi ne ce wa alƙalai thou. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaro mai tarbiyya a wurare da yawa yakan ce wa dattijo "kun tashi lafiya", amma in ya ɗaga hannu yana roƙon Mahalicci "Kai" yake cewa. Da ɗalibaina suka gane wannan sai muryar waƙoƙin ta sauya a kunnensu, ta sauko daga kan mumbari ta koma ta mai ganawa a ɗaki.

Abu na gaba shi ne nassi. Ka ajiye Littafi Mai Tsarki kusa da kai, in da hali fassarar Sarki James ta 1611, don da ita da Zaburar littafin addu'arsu kunnen Herbert ya fi sabawa. Na Hausa ma, wanda aka fara kammala fassararsa tun 1932, zai ba ka labarin ko da bai ba ka lafazin ba. A aji na lura ɗalibaina Kiristoci kan riga kowa kama zaren: ana ambaton karyayyar zuciya su ce Zabura 51, ana ambaton hutu ga masu gajiya su ce Matiyu sura 11. In kana da aboki irin wannan, zama da shi na rabin awa ya fi maka littafin sharhi. Ba sai ka karance Baibul duka ba. Labarin Adamu da Hauwa'u, fitar Bani Isra'ila daga Masar, Ayuba, Zabura kamar goma, da surorin ƙarshe na Linjila ɗaya, sun ishe ka buɗe mafi yawan ƙofofin.

Yanzu mu koma kan waƙar da ta ba ni kunya. Ɗango 20 ce, baiti huɗu. Ubangiji ya halicci mutum, ga tambulan cike da albarka a gefe, sai Ya ce bari a juye masa duka. Ƙarfi ya fara zuba, sai kyau, sai hikima, daraja, jin daɗi. Da aka kusa ƙarewa sai Ya dakata, saura abu ɗaya a gindin tambulan: hutu. Ya ce in na ba shi wannan ma, kyautar zai bauta wa ya manta da Mai kyautar. Bari ya riƙe sauran, ya zama mai arziki amma a gajiye, in nagarta ba ta kawo shi gare Ni ba, gajiya ta wurgo shi. Da ina koyar da ita a da, nan nake tsayawa in ce jigonta dangantakar Allah da ɗan Adam. Abubuwa biyu suka wuce ni. Na farko, kalmar rest a Turanci tana nufin hutu, tana kuma nufin saura, don haka a baitin ƙarshe da aka ce mutum ya riƙe rest, an ba shi kalmar an hana shi abin. Na biyu, sunan waƙar. Pulley shi ne ƙarfen nan mai juyawa da ake rataya igiyar guga a kansa a bakin rijiya, kuma kalmar ba ta fito ko sau ɗaya a cikin baitocin ba. Sai ka tsaya ka tuna yadda yake aiki: ka ja igiya ƙasa, guga ya yi sama. Nauyin da ke danne mutum shi ke ɗaga shi. Herbert ya aje maka wannan a kan take ya yi shiru, ya bar ka ka haɗa da kanka. Daga ranar na koyi cewa a wurinsa take rabin waƙa ne, kuma in na gama karatu sai na koma na tambayi taken me yake yi a nan.

Tambaya ta biyu da za ka riƙa yi wa kowace waƙa: wa ke magana, da wa yake yi, kuma a ina murya ta juya? Yawancinsu 'yan ƙananan wasannin kwaikwayo ne. Ɗauki The Collar. Mutum ya daki tebur ya ce ya isa haka, tafiyata zan yi. Ɗango 32 yana zuba faɗa: shekaruna sun tafi a banza, ba girbin da na samu sai ƙaya, igiyar da ta ɗaure ni ma ta rairayi ce, tunanina ne ya murɗa ta. Ɗangwayen wani dogo wani gajere, amsa-amon a warwatse kamar kayan wanda ya yi fushi ya watsar. Sai a ɗango huɗu na ƙarshe ya ce yana cikin wannan hauka sai ya ji kamar an kira shi, "Yaro", shi kuwa ya amsa, "Ubangijina". Nan take amsa-amon ya daidaita, bi da bi. Ba a ba shi hujja ko ɗaya ba, ba a amsa ƙorafinsa ba, kira kawai aka yi. Taken kuma kwala ce ta wuya, irin wadda ake sa wa dabba ko bawa, amma a kunne tana kama da choler, tsohuwar kalmar fushi, tana kuma kama da caller, mai kira. Wannan waƙar in ka karanta ta da ido kawai ka yi asara. Ka tashi tsaye, ka daki teburin da gaske, ka bar muryarka ta hau, sa'an nan ka sauke ta a kan kalmomin ƙarshe.

Redemption kuwa, wato Fansa, labarin ɗan haya ne. Manomi ya daɗe yana noma gonar wani attajiri, abin bai yi albarka ba, ya yanke shawarar zuwa ya roƙi a soke tsohuwar yarjejeniya a yi masa sabuwa mai sauƙi. Ya je gidan mai gonar a sama, aka ce ya sauka duniya. Ya dawo yana nemansa inda ake samun manya, birane da lambuna da fadoji, bai gan shi ba. Can sai ya ji hayaniyar ɓarayi da masu kisan kai, ya leƙa, ga shi a tsakiyarsu. Kafin ya buɗe baki mai gonar ya ce an biya maka buƙatarka, ya cika. Ɗango 14, kuma duk aƙidar Kirista game da tsohon alkawari da sabo tana ciki ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Masu sauraron farko da yawansu 'yan haya ne a gonakin wasu, sun san zafin sabunta yarjejeniya. Haka Herbert yake: kayan aikinsa tsintsiya ne da taga da maɓalli da akwati. Mutum ne mai son karin magana, ya tara sama da dubu na ƙasashe daban-daban, aka buga su a 1640 bayan rasuwarsa.

Bayan kunne, ka ba ido haƙƙinsa. Waƙar Easter Wings a bugun 1633 a kwance aka buga ta a shafi biyu masu fuskantar juna, sai ka juya littafin, ka ga fukafukai biyu. Ɗangwayen na raguwa yayin da ake ba da labarin faɗuwar ɗan Adam har su koma kalma biyu, sa'an nan su sake buɗewa. A Paradise yana roƙon a datse shi kamar itacen lambu, sai kalmar amsa-amo ta riƙa rasa harafi ɗaya a kowane ɗango: charm, harm, arm. A Denial yana kukan addu'arsa ba ta karɓuwa, kowane baiti na ƙarewa da ɗangon da ya ƙi amsa-amo, sai a na ƙarshe da ya roƙi a gyara shi, ya zauna daram. Marubuci Joseph Addison ya yi wa irin wannan ba'a a 1711, ya kira shi wayon banza, kuma kusan duk wancan ƙarnin masu ji da kansu a adabi suka juya wa Herbert baya, aka bar shi a hannun masu ibada, sai da mawaƙi Coleridge ya sake ɗaga shi a 1817, T. S. Eliot da 'yan zamaninsa suka ƙarasa aikin wajen 1921. Ni ina ganin Addison ya yi gaskiya a kan masu kwaikwayo, ya yi kuskure a kan Herbert. Gwajin mai sauƙi ne: cire siffar ka gani ko ma'ana ta ragu. A Denial in ka gyara amsa-amon tun daga baitin farko ka kashe waƙar.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don iyaye sun taɓa yi mini ita. Ni Musulmi ne, yawancin ɗalibaina ma haka. A cikin waƙoƙin nan akwai aƙidar da ba tamu ba, gicciye da fansa da allantakar Almasihu, akwai kuma salon jayayya da Ubangiji wanda kunnenmu bai saba ba, wanda shi Herbert daga Zabura da littafin Ayuba ya gado shi. Ba na ɓoye wa yara wannan, ba na kuma lanƙwasa waƙar in ce ai duk abu ɗaya muke faɗa. Ba ɗaya ba ne. Abin da nake ce musu shi ne su karanta kamar baƙon da aka shigar gidan maƙwabci: ka ga yadda suka jera kayansu, ka fahimci dalilin, ka fito da hularka a kanka. Wanda ya ƙi fahimtar abin da mawaƙin ya yi imani da shi ba zai gane me ya sa ɗangon ƙarshe na Redemption ke girgiza mai karatu ba. Abin da ya rage kuwa, addu'ar da aka ga kamar ba a amsa ba, da gajiya da ibada, da jin kunyar zunubi, da dawowar nishaɗi bayan ƙunci, ban san mai salla ko mai zuwa coci da zai ce bai san su ba.

In ka yi wata guda da Herbert, ka matsa. John Donne, abokin mahaifiyarsa, wanda ya shugabanci cocin Saint Paul a Landan daga 1621, ya fi shi zafi da tsoron mutuwa, waƙoƙinsa ma a 1633 aka buga su. Vaughan ya fi Herbert son haske da dare da tsirrai. Milton ka bar shi sai ka yi ƙwari, don Paradise Lost ta 1667 tafiyar raƙumi ce. Gerard Manley Hopkins, wanda ya rasu a 1889 ba a tattara waƙoƙinsa an buga ba sai 1918, kar ka taɓa shi sai ka sami wanda zai karanta maka da murya.

Amma kafin ka bar Herbert, ka haddace guda ɗaya, ka kwafe ta da hannunka kamar yadda mutanen farko suka yi. Wadda nake ba ɗalibai ita ce ta rufe tsakiyar littafin, ta uku cikin masu suna Love, ɗango 18. Simone Weil, 'yar falsafar Faransa da ta tashi a gidan Yahudawa marasa ruwa da addini, ta haddace ta a 1938, tana maimaita ta in ciwon kanta mai tsanani ya taso, ta ce tana zaton waƙa kawai take karantawa ashe addu'a take yi. Labarin baƙo ne da mai masauki, wato ita Ƙauna. Ƙauna ta ce maraba, baƙo ya ja da baya, jikinsa duk ƙura da zunubi. Mai gida ya matso ya tambaye shi ko akwai abin da ya rasa. Ya ce baƙon da ya cancanci wurin nan. Aka ce kai ne shi. Ya ce ni, marar kirki, marar godiya? Ko kallonka ba zan iya ba. Aka kama hannunsa ana murmushi: wa ya yi idanun in ba ni ba? Ya ce gaskiya ne, amma na ɓata su. Aka ce ba ka san wanda ya ɗauki laifin ba? Ya ce to bari in yi hidima. Aka ce a'a, zama za ka yi ka ci. Wanda ya san Luka sura 12, inda maigida ke ɗaura ɗamara ya zaunar da bayinsa ya yi musu hidima, da kuma Jibin Ubangiji, ya san teburin da ake nufi.

Ka lura da abin da na gaya maka game da thou. A nan baƙon ne ke ce wa mai gida thee, mai gida kuwa you yake ce masa tun daga farko har ƙarshe, kalmar da ake yi wa babban baƙo. Ɗangon ƙarshe kalmomi shida ne, kowace gaɓa ɗaya: So I did sit and eat. Ranar da na fara karanta ta a aji, gardama ta kaure tsakanin yara kan ko baƙon kunya ce ke damunsa ko girman kai. Wani yaro ya ce a gidansu in aka ce maka bismilla ka ce alhamdu lillahi sau ɗaya ladabi ne, sau biyu kara ce, in ka kai uku kaka za ta tambaye ka ko abincin ne bai yi maka ba. Muka koma kan waƙar muka ƙirga sau nawa baƙon ya kauce, har aka kaɗa ƙararrawa ba mu daidaita ba, wasu na cewa uku wasu huɗu, saboda ba a yarda ko "bari in yi hidima" ƙin ci ne ko karɓa ba.